Gishiri a Sama, Kanwa a Ƙasa

Ranar da Allah ya karɓi ran yayana, ga waɗanda ke cikin gidanmu na Gwandu: ni ƙanwarsa, da ƙanenmu auta da ya iso daga Kalgo da hantsi, da 'ya'yan mamacin maza biyu, babban da ƙaramin, da matansu, da ɗiyarsa mai aure a Maruda, da ɗiyar ƙanenmu, malamar makaranta, wadda ke riƙe da biro yanzu ina faɗa tana rubutawa. A zaure kuma akwai liman, da maƙwabcinmu na gabas, da tsofaffin mahauta huɗu da suka ci kasuwa tare da shi, da wani kafinta mutumin Kalgo wanda ban zaci zai tako gidan nan ba. Na lissafa su ne don kowannensu ya ga abin da ya faru da idonsa, kada gobe a ce tsohuwa ta ƙara gishiri.

Ya cika bayan sallar asuba. Ba a yi kuka ba. Ɗiyarsa kaɗai ta fara, ita ma sai da ta waiga ta dubi ƙofar ɗakinsa, saboda a rayuwarsa in ya ji kuka ba ya tambayar dalili, ƙara wa mai kukan yake yi. Matan unguwa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙan rai, sai ta yi shiru. Wurin da aka saba cewa mutumin kirki ne, an yi rashi, nan suke tsayawa su gyara mayafi. Ina zaune bakin madafa ina kallonsu. Ido ɗaya gare ni, amma ba abin da ke wuce shi.

Daga zaure ina jiyo maza. Maƙwabcinmu na gabas ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa da yake zaton ba ta ƙetara bango, yau dai awakinsa sun huta. Ɗaya daga cikin tsofaffin mahautan ya naɗe hannun riga, na hango shi ta kafar ƙofa yana nuna wa liman wani dogon tabo.

"Ka ga wanga, Malam? Shi yab ba ni. Kan cinyar bijimi ɗaya munka yi faɗa."

Suka yi dariya, suka tuna gawa na kwance, suka haɗiye.

To, abin da ya sa na ce a rubuta ke nan. In na yi shiru, abin da Gwandu za ta riƙe na yayana tabo ne da karyayyar ƙafar akuya. Duk gaskiya ne, ba zan share ko ɗaya ba. Amma akwai saura.

Mahauci ne ɗan mahauci, kuma ya yi dambe da ƙuruciya har Dangoma ana zuwa ɗaukarsa. Shi kaɗai yake kayar da sa, ya murɗe ƙaho ya danne wuya da gwiwa. Hannun da yake yi wa sa da shi, da shi yake yi wa mutane. Magana biyu ba ta haɗa ka da shi, ta farko da baki ce, ta biyu da hannu. Babban ɗansa yana da shekara goma ya yi tuntuɓe ya zubar da faifan tsire a ƙasa. Mari ɗaya ya yi masa. Jini ya biyo kunnen yaron, daga ranar kunnen hagu bai ƙara jin komai ba. Alherinsa ma da faɗa yake zuwa: duk ranar kasuwa sai ya ƙulle nama a ganye ya jefa ta kan katangar gwauraye tsofaffi biyu na bayan gidanmu, in ɗaya ta leƙo za ta yi godiya ya ce ta rufe masa baki kafin ya dawo ya karɓe abinsa.

Ni kuwa nawa rabon ya riga na kowa. Ina budurwa, innarmu ta tafi fadama yankan shinkafa ta bar mini tukunya. Gishiri da dakakkiyar kanwa suna cikin ƙoƙuna biyu iri ɗaya, gefe da gefe. Na ɗebi kanwa cike da hannu na zuba a miyar kuka. Ya dawo kasuwa da yunwa, ya kai loma ɗaya, ya tofar. Akushin ya ɗaga da tuwon da miyar ya jefo mini. Bakin akushin ya same ni a idon hagu. Na ji wani abu ya fashe, ruwa mai ɗumi ya gangaro mini har haɓa, kuma ba hawaye ba ne. Inna ta gaya wa mutane saniya ce ta soke ni. Haka aka bar zancen. Na hannun dama ne shi, shi ya sa duk abin da ya ɓata a gidan nan na hagu ne.

Na yi aure Kalgo, na haihu, na binne, mijina ya rasu. Ranar da na fita takaba sai ga yayana da motar ɗaukar kaya a ƙofar gida. "Ke, kwaso kayanki." Iyakar gaisuwar ke nan. Tun da na yi wayo ban ji ya kira sunana ba, "Ke" ce ni. Na dawo gidansa na karɓi tukunya, don matarsa ta riga mu gidan gaskiya. Shekara fiye da hamsin, ko sau ɗaya maganar idon nan ba ta fito daga bakinsa ba, ni ma ban fito da ita ba. Sai dai in yana mini magana ba ya kallon fuskata, bango yake kallo.

Da gwiwoyinsa suka ƙi tsayuwar kasuwa, 'ya'yansa suka karɓi teburin nama. Wata guda ya yi zaune yana neman wanda zai daka. Rannan ya hau mota ya tafi Kalgo, ya samu rumfar wani kafinta ya zauna yana kallo tun safe har la'asar. Ya koma, ya ƙara komawa. A zuwa na huɗu ya dawo da zarto, da kurfin sassaƙa uku, da gudumar itace. Ba sana'a ya ce zai yi ba, ko kujera ɗaya bai taɓa yi wa wani ba. Iska ta kayar da wata tsohuwar bishiyar madobiya a Malisa, ya je ya sa aka tsaga ta, aka kawo katakon a amalanke aka jibge ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Da ya fara sa mata zarto, ja ya fito a jikin itacen.

"Ke, kin gani? Shi ma jini gare shi."

Kamar nama ya ɗauki itacen. Sai ya juya katako ya shafa, ya ce yana neman gaɓa, wai komai Allah ya yi masa wurin da yake yarda a raba shi. Ƙusa kuwa ya ce ba za ta shiga aikinsa ba. Haƙora yake yanka wa bakin kowane katako, ya yanka wa ɗan'uwansa nasa, ya cusa su cikin juna ya bi da guduma. In suka ƙi shiga, ko suka shiga da sako-sako, sai ya miƙe ya maka katakon da bango, ya bi shi da zagi har kakan bishiyar, ya jefa bayan madafa. Kafin shekara ta zagayo an yi tari a wurin ya kai ƙuguna. Ya hana a sa ko tsinke ɗaya a murhu. Wata rana kurfi ya zame ya shiga babban yatsansa har ƙashi. Ya ɗebi garin barkono ya danna a ramin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba. Tabon jinin na nan a cikin durowa ta uku.

Sai da aiki ya yi nisa muka gane kabad ne na kayan yaji. Gajere ne, iya kafaɗar mace in tana zaune. Ƙananan durowoyi goma sha biyu, kowacce marikinta daban: wannan dunƙule, wannan dogo, wannan da tsaga uku. Abin da ya ba kowa dariya, a ɓoye, shi ne duk durowoyin sun taru a dama. Ɓangaren hagu katako ne shafe, ba ƙofa ba komai. Bai ce ga wadda yake yi wa ba. Matar babban ɗansa ta ɗauka nata ne, har ta ce in an gama a manna takarda a rubuta sunan kowane yaji. Kallo ɗaya ya yi mata ta shige ɗaki.

Kafintan Kalgo ya ji labari ya zo gani. Ya zagaya kabad ɗin, ya ja durowa ya mayar, ya yaba haƙoran. Sannan ya yi kuskure.

"Baba, aiki ya yi. Amma ka sha giyar wake ne da kana awo? Ya koma kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Bari in raba maka su shida-shida."

Ya ɗora hannu a kan katakon hagu. Gudumar na hannun yayana. Ƙarar da na ji irin ta fasa ƙashin awaza ce. Mutumin ya fita da gudu yana riƙe da yatsu, tsoho na bin sa da zarto, da gwiwoyin da suka ƙi kasuwa, har bakin titi. Yatsu biyu ba su ƙara miƙewa ba.

Rigimarmu ta ƙarshe a kan kujera ce. Ina da 'yar kujerar tsuguno da nake girki a kai tun Kalgo. Wata safiya na neme ta na rasa. Na zagayo rumfa da muciya a hannu, sai ga yayana zaune a kanta gaban kabad ɗin. Ya ɗaure idonsa na hagu da tsumma. Yana miƙa hannun dama, yana karkata wuya, daidai yadda nake karkata nawa in ina neman abu. Ya yi, ya sake yi.

Na ce a raina, ya ɗauke idon bai ishe shi ba, yau kuma kwaikwayona yake yi. Ban san lokacin da muciyar ta bar hannuna ba. Ta same shi a gira, jini ya ɓalle ya jiƙa tsumman. Ya miƙe. Hannun nan ya tashi sama, na tsaya ina jiransa, na ma juya masa idon da ya rage. Hannun ya daɗe a sama. Sannan ya sauka a hankali. Ya tura mini kujerar da ƙafa.

"Ɗauki abinki."

Daga ranar ban ƙara ce masa uffan ba. In dafa, in ajiye, in juya. Wata bakwai muka yi haka, a na takwas ya kwanta kwana uku ya tafi.

Mu koma ranar rasuwar. An yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗora a makara bakin ɗakinsa. Ƙanenmu ya shigo ya tsuguna ta damana.

"Yaya, liman yac ce a tambayi kowa kahin a ɗauka. Kin yahe mai?"

Na dubi murhu.

"Yaya, don girman Allah. Ba shi da sauran baki. Ke ɗai kinka rage."

"In za ku ɗauka ku ɗauka."

Yana nan tsugune sai aka aiko daga maƙabarta cewa itacen da za a jera a rufe ramin bai isa ba. Babban ɗan yana tsaye ya juya kunnensa mai ji, ya sa aka maimaita masa. Sai ya yi wani murmushi da ban so ba.

"Itace? Ga itace nan gida."

Ya shiga rumfa ya jawo kabad ɗin, ƙafafunsa na tona ƙasa, har tsakiyar gida, taku biyar daga makarar ubansa. Ya koma ya ɗauko gatarin fawa, wanda uban ke fasa kan bijimi da shi.

"Shekara biyu shina shafa katako kamar jinjiri! Shina hura mai ƙura da baki! Ni fa? Sau nawa yash shafa kaina? Ya tahi da abinai, su kwanta tare!"

Ya sara. Ƙarar ta fito da mazan zaure gaba ɗaya. Ƙaramin ya yi tsalle ya kama shi ta baya, ya sha gwiwar hannu a baki, ya zauna ƙasa yana tofar da jini da haƙori. Mata suka sa ihu, ɗiyar mamacin ta faɗa kan makara ta rungume, liman yana ta salati yana cewa ku ji tsoron Allah, gawa na ji. Ba wanda ya matso. Duk wanda ya san uban ya ga uban a tsaye.

Ya sara na biyu. Ya ɗaga na uku.

Har yau ban san abin da ya tashe ni ba. Ba son kabad ɗin nake yi ba, a sanina abin da aka yi mini izgili a gabansa ne. Abin da na sani, shekara biyu ina kallon hannun nan yana haɗa abu, kuma tun da aka haife ni fasawa kawai na ga yana yi. Na shiga tsakani na cafke ƙotar gatarin. Bakinsa ya zamo ya tsaga mini hannu daga gwiwa zuwa kusa da wuyan hannu. Ban saki ba. Da ɗaya hannun, na dama, na kwashe shi da mari, duk ƙarfin da tsufa ya bar mini.

Ya dafa kuncinsa na hagu. Ya dube ni.

"Gwaggo, mari ɗayan kunnen. Wanga ya daɗe da mutuwa."

Sai a lokacin na ga inda hannuna ya sauka, na kuma gane hannun gidanmu ne, ba na yayana kaɗai ba. Gatarin ya faɗi. Ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar ya durƙushe a ƙasa ya fashe da kuka irin na ɗan shekara goma. Shi ne kukan namiji na farko da aka yi wa mamacin nan, in ma shi aka yi wa.

Kafintan Kalgo ya ratso mutane ya tsuguna gaban kabad ɗin. Ya bi kusurwa da karkatattun yatsunsa, ya girgiza shi.

"Sara biyu da gatarin fawa, ko motsi bai yi ba. Kuma ba ƙusa. Wallahi ni da nak koya mai ban iya wanga."

Ina riƙe da hannuna jini na ɗiga a zane na ce su je bayan madafa. Duk katakon da ya ɓata cikin shekara biyu na nan, madobiya ce, gara ba ta cin ta da wuri. Suka kwasa a kafaɗa. Da su aka rufe shi, da kurakuransa. Da za a ɗaga makara ƙanenmu ya sake waigowa ya dube ni. Na ga kallon. Na kau da kai. Aka fita da shi haka nan.

Washegari bayan na yi sallar asuba na fito, hannuna ɗaure. Kabad ɗin na nan inda aka bar shi, kowa na kewaye shi kamar rijiya. Na ce bari in ga ɓarnar da aka yi. Na jawo kujerata na zauna a gabansa.

Ban ga ɓarnar ba.

Sai da na karkata wuya na juya gaba ɗaya sannan na gan ta, sara biyu masu zurfi a katakon hagu, inda ba komai. Na mayar da kaina daidai. Saran ya ɓace. Abin da ke cikin idona durowoyi goma sha biyu ne cif, ba ɗaya da ta fita gefe. Na miƙa hannun dama ban ɗaga daga kujera ba, yatsuna suka sauka kan marikin ta sama kamar an auna. An kuwa auna. Na tuna tsumman nan a idonsa, da jinin da na fitar masa a gira.

Na ja ta saman. Ta taho sumul. A ciki akwai ɗan gishiri, tsunkule ɗaya. Ta biyu citta. Ta uku, mai tabon jini, barkono. Kanumfari, masoro, kimba, kowacce ya sa mata tsunkule ɗaya don a san mazauninta. Na bi su duka ina neman abu ɗaya, ban same shi ba sai a ta ƙarshe, can ƙasa kusa da ƙafata. Marikinta ƙaya-ƙaya ne, yana sukar yatsa. Na ja ta ƙi. Sai da na sa hannu biyu, har ciwon ya motsa, sannan ta buɗe da ƙara. Kanwa. Ko makaho, ko mai gaggawa, ko yarinyar da uwarta ta tafi fadama, ba mai ɗebo ta da kuskure.

Na daɗe zaune. Kaji suka fito, hayaƙin maƙwabta ya tashi. Sannan na ce, da ƙarfi yadda in ana ji daga can zai ji:

"Na yahe maka. Amma da baki gare ka, Yaya. Da ka faɗa."

Allah ya kai masa, ya sassauta masa ƙasa, ya yi masa hisabi da wannan hannun da ya sauka bai daka ba.

Na tashi na kwaso ƙulle-ƙullen ledojina na zuba kowane yaji a gidansa. Na hura wuta, na ɗumama tuwon jiya, na kaɗa miyar kuka sabuwa. Na ɗebi gishiri daga sama. Na zuba a kwano na ɗauka da kaina zuwa ɗakin babban ɗan. Yana zaune bakin gado ya haɗa kai da gwiwa, kuncinsa a kumbure. Na zagaya ta damansa, inda yake ji, na ajiye kwanon.

"Ɗanɗana," na ce. "Ka gaya mini in gishiri ya ji."